Hotunan Shugabannin Yaƙi a Kasuwar Gwanjo

(Jawabin da wani ɗalibi na Sashen Tarihi ya gabatar a babban zauren taro, a daren lacca da Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya.)





Da farko ina godiya ga kwamitin da ya ba ni wannan dama, ko da yake a zauren nan akwai waɗanda suka fi ni karatu da shekaru, waɗanda ya kamata a ce su ne a tsaye ni kuwa ina zaune ina sauraro. Sa'ad da na miƙa kan maganata ga sakataren kwamiti, sai ya dube ni ya ce, "Kai kuwa, duk abubuwan da suka dame mu, ga ruwa babu a ɗakunan kwana, ga tsadar abinci, ba ka ga abin magana ba sai hotunan Turawan da suka daɗe da mutuwa?" Na ce masa ya yi haƙuri ya zo ya saurara, domin maganar daga Ottawa da Landan za ta faro, amma a cikin akwatunan iyayenmu za ta sauka. Ga shi can na hango shi a kujerar baya, ya cika alkawari.

Bari in fara da labarin hoto guda.

Ran 30 ga Disamba 1941, makonni uku da 'yan kwanaki bayan Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor, Firayim Ministan Ingila Winston Churchill ya yi jawabi a majalisar dokokin Kanada, a birnin Ottawa. Na san wani zai ce ai Churchill ba janar ba ne. Gaskiya ne, amma shi ne Ministan Tsaron ƙasarsa a duk tsawon mulkinsa na lokacin yaƙi, tsohon soja ne kuma, yana cikin mayaƙan doki na Ingila da suka kara da mutanen Mahadi a Omdurman ta ƙasar Sudan cikin 1898. Da ya gama jawabi aka shigar da shi wani ɗaki a cikin majalisar, sai ya tarar an kafa fitilu, ga wani saurayi mai ɗaukar hoto yana jiransa. Sunan saurayin Yousuf Karsh, ɗan ƙabilar Armeniya ne, an haife shi a garin Mardin cikin 1908, ya tsira daga kisan gillar da aka yi wa mutanensa a daular Usmaniyya, ya yi hijira zuwa Kanada yana yaro. Churchill bai san da shirin hoton ba, ya ɓata rai, ya kunna ƙatuwar tabar nan tasa ya ƙi ajiyewa. Karsh ya matso kamar zai gyara wani abu, ya roƙi gafara, ya zare tabar daga bakinsa, ya koma ya danna na'ura. Fushin da ya bayyana a fuskar tsohon a wannan ƙiftawar ido shi ne duniya ta ɗauka alamar taurin kan Ingila a gaban Hitila. Alhali kuwa, in an bi ta barauniyar hanya, fushin mutum ne da aka ƙwace wa taba. Karsh ya sake ɗaukar wani hoton nan take, Churchill yana murmushi, amma wannan ba kowa ya san shi ba. Mai fushin shi ya zaga duniya, har Bankin Ingila ya buga shi a bayan takardar fam biyar cikin 2016.

Karsh ya daɗe yana aiki, yana kuma zaune, a wani babban otel na Ottawa mai suna Château Laurier. Ya bar wa otel ɗin kyautar wasu hotunansa, har da wannan, da sa hannunsa a ƙasa, aka rataye su a ɗakin hutawar baƙi. Ya rasu cikin 2002. To, cikin Agusta 2022 sai wani ma'aikacin otel ɗin ya lura cewa katakon da ya kewaye hoton Churchill bai yi kama da na sauran ba. Aka aika wa mai kula da kayan gadon Karsh hoton sa hannun, yana gani ya ce jabu ne. Ashe an sace na ainihi, an rataya na bogi a gurbinsa, mutane sun yi wata bakwai ko fiye suna wucewa suna jinjina wa kwafi. Aka roƙi baƙin da suka taɓa ɗaukar hoto a ɗakin su aiko da nasu, da haka aka gane cewa tsakanin 25 ga Disamba 2021 da 6 ga Janairu 2022 aka yi satar, lokacin da annobar korona ta sa otel ɗin ya zama kusan wayam.

Ina hoton ya tafi? Nan ne abin da ya shafi maganarmu. Cikin Mayu 2022, tun kafin kowa ya san an yi sata, an riga an sayar da shi a gidan gwanjo na Sotheby's a Landan, wani lauya a birnin Genoa na Italiya ya saya a kan fam 5,292, bai san kayan sata ba ne. Sai cikin Satumba 2024 aka miƙa shi ga hukumomin Kanada a birnin Rum, aka mayar da shi bangonsa cikin Nuwamba na wannan shekara. Ɓarawon ya amsa laifinsa, cikin Mayu 2025 aka ɗaure shi shekara biyu ba kwana ɗaya.

Ku riƙe wannan adadi, fam 5,292, ku kwatanta shi da wani. Churchill yakan yi zanen fenti don hutu. A duk tsawon Yaƙin Duniya na Biyu zane ɗaya tak ya yi, watau na hasumiyar masallacin Kutubiyya da ke Marrakesh ta Maroko, cikin Janairu 1943, bayan taron Casablanca, ya kuma ba Shugaba Roosevelt na Amurka kyauta. Zanen ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin 'yar wasan fim ɗin nan Angelina Jolie, ita kuma ta sayar da shi a gidan Christie's cikin Maris 2021 a kan fam 8,285,000. Watau ya ninka kuɗin hoton Karsh sau dubu ɗaya da ɗari biyar da ɗoriya. Ba wanda zai ce Churchill ya fi Karsh gwaninta a sana'ar sura. Kuma in ana maganar abin da ya yi tasiri a yaƙi, hoton ya yi wa zanen nisa. Amma zanen guda ɗaya ne a duniya, an san hannun da ya yi shi, an san wanda aka ba, an san duk inda ya kwana. Hoto kuwa, muddin dodonsa yana nan, watau fim ɗin da ake wanke shi daga jiki, ana iya haifar da ɗari. Wannan ne dalilin da ya sa masu tara hotuna suke neman sa hannu ido rufe: tawadar ce kaɗai take mai da takardar da ke da 'yan'uwa dubu ta zama tilo.

Kafin in ci gaba, kalma biyu game da yadda gwanjon yake tafiya, don kada adadin da ake bugawa a jaridu ya ruɗe mu. Gidajen tsofaffi ne: Sotheby's ta faro cikin 1744 da gwanjon littattafai, Christie's kuwa cikin 1766. Mai kaya yakan kawo kayansa, masanan gida su duba su buga ƙiyasin farashi, na ƙasa da na sama, a cikin littafin kaya. A asirce kuma akwai adadin da aka yarda ba za a sallama ƙasa da shi ba. In tayi bai kai can ba, to, albarka ke nan, kaya ya koma gida. In an buga guduma, mai saye ba abin da ya taya kaɗai zai biya ba. Tun 1975 gidajen biyu suka ɗora wa mai saye la'ada ta kashi 10 cikin ɗari, daga baya ta yi ta hawa har ta kai wajen rubu'in farashi a kan ƙananan kaya. Zanen da na ambata, a kan fam miliyan 7 aka buga guduma, sauran fam 1,285,000 la'ada ce. Sa'an nan a juya a yanki wani abu daga hannun mai sayarwa. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa kara sayar da sa ya san dillali ba ya kwana da yunwa, amma namu dillalan almajirai ne a gaban waɗannan.

To, me yake sa hoton janar wane ya fi na janar wane tsada?

Al'adar ta tsufa. Cikin 1854 wani Bafaranshe mai suna Disdéri ya yi rajistar dabarar fitar da ƙananan hotuna da yawa a faranti ɗaya, a liƙa kowane a kan kati mai girman tafin hannu. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, daga 1861 zuwa 1865, sai katunan janar-janar suka zama abin saye da musaya, mutane suna aika su ga masu su don a sa musu hannu. Janar Robert Lee, wanda ya jagoranci sojojin Kudu masu kare bauta, ya miƙa wuya ran 9 ga Afrilu 1865, bayan 'yan kwanaki kuma Mathew Brady ya ɗauke shi hoto a bayan gidansa a Richmond, sanye da kakin sojan da aka ci da yaƙi. Har yau hotunan Lee masu sa hannu suna da masu nema. Daga nan za ku fara ganin cewa kasuwa ba ta tambayar wa ya yi nasara, balle wa ke da gaskiya.

Abu na farko da take tambaya, abin dariya abin tausayi, shi ne yaushe mutumin ya mutu. Janar Rommel na Jamus, wanda ya wahalar da Ingilishi a hamadar Libiya da Masar, Hitila ya tilasta masa shan guba ran 14 ga Oktoba 1944. Janar Patton na Amurka ya yi haɗarin mota a Jamus, ya mutu ran 21 ga Disamba 1945. Waɗannan alƙalaminsu ya bushe da wuri, duk sa hannun da suka bari na zamanin yaƙi ne ko kafinsa, ba kuma za a ƙara ko ɗaya ba. Amma Montgomery, wanda ya karya Rommel a El Alamein cikin 1942, ya rayu har 1976, yana amsa wasiƙu yana sa hannu ga duk mai so. Haka Admiral Dönitz, wanda Hitila ya bar wa mulki na 'yan kwanaki: kotun Nuremberg ta ɗaure shi shekara 10, ya fito cikin 1956, ya zauna har 1980 yana sa hannu a hotuna ba gajiya. Saboda haka a wurin dillalai sa hannun Montgomery ya fi na Rommel araha. Wanda aka ci da yaƙi ya fi wanda ya ci shi tsada, don kawai ya riga shi kabari da shekara talatin da ɗaya da 'yan watanni.

Abu na biyu, yaushe aka sa hannun? Hoton lokacin yaƙi daban, sa hannun lokacin yaƙi daban, da yawa kuma sukan ruɗe a nan. Akwai wata dabara mai sauƙi da nake so 'yan ajinmu su riƙe, domin irin aikin da ake koya mana ne. In Bature ya sami sarautar Lod, yakan bar sunansa na yanka ya riƙa sa hannu da sunan sarauta. Montgomery a lokacin yaƙi "B. L. Montgomery" yake rubutawa. Cikin 1946 aka ba shi sarauta, ya koma "Montgomery of Alamein". Haka Mountbatten, babban kwamandan Ƙawance a Kudu maso Gabashin Asiya tun 1943: "Louis Mountbatten" ne har 1946, sa'an nan ya zama "Mountbatten of Burma". To, in an nuna maka hoton Montgomery a kan tankar yaƙi a hamada, a ƙasa an rubuta sunan sarauta, aka ce maka a fagen fama ya sa hannu cikin 1943, ba ka bukatar gilashin ƙara girma. Ko dai ya sa hannun ne a gida bayan yaƙi da shekaru, ko kuwa wani ne ya sa masa.

Na uku shi ne salsala: wa aka ba, daga hannunsa kuma ina ya bi? Hoton da janar ya rubuta wa wani janar ɗan'uwansa, ko direbansa, da suna da kwanan wata, ya fi wanda aka sa wa hannu kawai don wani yaro ya aiko da wasiƙa. Mu da muka taso muna jin yadda malaman Hadisi suke bin isnadi, wane daga wane daga wane, suna duba ko su biyun sun taɓa haɗuwa, ko kuwa akwai giɓi a tsakani, wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ba darajar abubuwan biyu nake kwatantawa ba, Allah ya kiyaye, hanyar binciken kawai nake nufi. Bambancin shi ne malaman ba su da la'ada a kan abin da suka inganta.

Wannan ya kawo mu ga jabu, wanda shi ne ciwon da ke cin kasuwar. Jabu iri-iri ne, wani ma ba da nufin zamba aka yi shi ba. Babban mutum da wasiƙu suka yi wa yawa yakan sa sakatare ya kwaikwayi hannunsa. Ofishin Churchill ya riƙa aika wasiƙun godiya da aka buga da inji cikin siffar rubutun hannunsa, musamman ga masu yi masa murnar ranar haihuwa, har yau kuma jikoki suna kai su wurin dillalai da zumuɗi, su komo jiki a sanyaye. Akwai kuma injin sa hannu, wanda yake riƙe alƙalami na gaske ya bi zanen da aka yi masa. Wani dillalin takardu na New York, Charles Hamilton, ya wallafa littafi guda cikin 1965 a kan yadda Shugaba Kennedy ya yi amfani da shi. Ana gane aikin injin ne ta wajen cikarsa: ɗan Adam ba ya sa hannu sau biyu su zo daidai layi bisa layi, saboda haka in ka ɗora biyu ka ɗaga su ga haske suka haɗe sak, to, ƙarfe ne ya rubuta.

Amma sarkin maƙaryata a wannan fage shi ne Konrad Kujau, mai sayar da tarkacen soja a Stuttgart. Ya fara da ƙirƙiro takardun shaida yana liƙa wa kayan zamanin Hitila don su yi tsada, ya koyi hannun Hitila har ya gwanance, daga nan ya zauna ya rubuta littattafai wajen 60 ya ce kundin sirrin Hitila ne da aka tsinto daga jirgin saman da ya faɗi cikin 1945. Yakan jiƙa takardun da ruwan shayi don su yi kama da tsofaffi. Mujallar Stern ta Jamus ta biya mak miliyan 9.3, ta yi shela cikin Afrilu 1983. Babban masanin tarihi na Ingila, Hugh Trevor-Roper, ya duba ya ce na gaske ne, ko da yake ya janye daga baya. Masana rubutun hannu ma sun inganta su, kun san dalili? Wasu daga takardun da aka ba su a matsayin rubutun Hitila na ainihi don su gwada, ashe su ma Kujau ne ya rubuta su. Suka gwada hannun Kujau da hannun Kujau, suka ga ya dace! A bangon littattafan ma haruffan da ya liƙa F da H ne, ba A da H ba, domin ya rikice da tsohon salon haruffan Jamusanci, amma ba wanda ya tsaya a kai. Sai da ma'aikatar ajiye takardun tarihi ta Jamus ta gwada takarda da tawada da zaren ɗinki, cikin Mayu 1983, ta ga kayan bayan yaƙi ne. Aka ɗaure Kujau shekara huɗu da rabi cikin 1985. Abin da na koya daga wannan labari, wanda kuma ya fi ba ni tsoro a matsayina na mai koyon tarihi, shi ne ba wayon Kujau ne ya ci mutanen nan ba. Sun riga sun zuba kuɗi, sun kuma ƙagara abin ya zama gaskiya.

Tun da sunan Hitila ya shigo, dole in taɓa ɓangaren da ya fi muni. Yana da mai ɗaukar hoto nasa na kansa, Heinrich Hoffmann, yakan kuma raba hotunansa masu sa hannu ga waɗanda yake so ya karrama. Irin waɗannan kaya suna da kasuwa mai zafi, ko da yake dokar Jamus ta hana baje alamomin Nazi a fili in ba don ilmi da makamancinsa ba. Cikin 2017 wani gidan gwanjo a jihar Maryland ta Amurka ya sayar da wayar tarho da aka ce tasa ce a kan dala 243,000, duk da wasu masana sun yi shakkar ingancinta. Cikin Yuli 2022 gidan nan dai ya sayar da agogon da aka jingina masa a kan dala miliyan 1.1, shugabannin Yahudawa suna ta roƙon a fasa. Cikin Nuwamba 2019 kuwa, a birnin Munich, wani attajiri ɗan asalin Lebanon mazaunin Suwizalan, Abdallah Chatila, ya kashe fiye da yuro 500,000 ya saye tarin kayan Hitila, har da doguwar hularsa a kan yuro 50,000, ba don yana so ba, sai don kada su faɗa hannun masu bautar Hitila. Ya ba da su kyauta, suka ƙare a gidan tunawa na Yad Vashem a birnin Ƙudus. Na yaba wa niyyarsa. Amma a ganina dillalin da ya karɓi kuɗin nan bai ji wani wa'azi ba, abin da ya ji shi ne kaya suna tafiya, gobe ya nemo wasu. Masu sayarwa sukan kare kansu da cewa tarihi suke adanawa. Ni dai ban ga tarihin da ake koya daga agogon da aka kulle a ɗakin attajiri ba. Churchill kansa, wanda nake ta ambata, mutanen Bengal ba su manta yunwar 1943 ba, wadda ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku yana kan mulki, amma ba a rubuta wannan a littafin gwanjo.

Malam Shugaba, yanzu zan cika alkawarin da na yi wa sakatare.

Mountbatten da na ambata, da Janar Slim kwamandan Runduna ta 14, da Janar Wingate wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama ran 24 ga Maris 1944, duk ana sayar da hotunansu da sa hannunsu. Su wa suka yi musu yaƙin? A cikinsu akwai kakanninmu. Cikin 1943 aka kafa runduna biyu ta sojojin Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kwashe dubun dubatar samari daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, aka ratsa teku da su zuwa Indiya, daga can sai Bama. Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya, hafsoshi kuwa Turawa ne. Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuma daga jirgin sama ake jefo shi. Bataliya uku ta Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, su aka ba Wingate cikin 1944 suka shiga bayan layin Japan tare da mayaƙansa da ake kira Chindit. Cikin Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung. Duk wanda ya san barikin Chindit a Zariya, ko Kalapanzin a Kaduna, ko Dodan da Arakan a Ikko, ko Burma Camp a Ankara ta Gana, ya sani cewa sunayen nan daga can aka zo da su. Muna faɗarsu kullum a tashar mota ba mu san abin da muke faɗa ba. Haka 'yan'uwanmu na Cadi: sojojin da Leclerc ya ci Kufra da su cikin Maris 1941 yawancinsu baƙaƙe ne, amma hoton Leclerc ake nema.

Ƙalilan ne sunansu ya tsira, kamar Chari Maigumeri, mutumin Barno, wanda ya fara aikin soja a hannun Jamusawa a Kamaru, ya koma rundunar Nijeriya, ya yi yaƙin duniya duka biyu, aka kuma sa wa barikin Lakwaja sunansa. Sauran fa? Cikin Afrilu 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwal ta fitar da rahoto da kanta cewa aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ko ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Ministan Tsaron Ingila ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Ƙasar da take iya bambance sa hannun Montgomery na 1943 da na 1947 ita ce ta binne waɗannan ba suna.

A gidanmu akwai hoto ɗaya, cikin akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin tsofaffin zannuwa. Sojoji uku ne a tsaye, da malafar nan ta soja mai naɗaɗɗen gefe, a bayansu labule mai zanen furanni. Na tsakiya kakan mahaifiyata ne, wanda ya je yaƙin Bama ya dawo da tari da lambar girma guda biyu. An ce a Indiya aka ɗauka suna jiran jirgin komowa gida. Bai yi boko ba, amma a bayan hoton ya rubuta sunansa da na garinsu da ajami, da hannunsa. Watau, jama'a, bisa ga duk sharuɗɗan da na lissafa muku, wannan hoton soja ne na lokacin yaƙi mai sa hannu, ba jabu, ba injin da ya taɓa shi, salsalarsa kuma ba giɓi, domin bai taɓa barin akwatin ba. In na kai shi Landan ba wanda zai taya. A ƙarƙashin sunansa akwai layi biyu, da alama sunayen abokansa ne, amma gara ta cinye su. Mutum ɗaya ta rage wadda ta san su, 'yarsa ta fari, wadda muke kira Hajiya Babba, domin ɗayansu yakan zo gidan da Sallah tana yarinya. Na yi ta cewa in na zo hutu zan tambaye ta. Ta rasu bara waccan ina nan ina jarrabawa, Allah ya jiƙanta.

Saboda haka ina da roƙo ga Ƙungiya, ba kuma mai cin kuɗi ba ne. Hutu ya kusa. Kowa in ya je gida ya tambayi tsofaffi ko akwai irin wannan hoto, ko takardar sallama daga soja, ko lambar girma. In ya samu, ya zauna da wanda ya fi kowa shekaru a gidan, ya tambayi suna da gari da bataliya da shekara, ya rubuta a bayan hoton da fensir mai laushi, ba da biro ba, domin tawadar biro tana ratsa takarda. Kada a liƙe shi cikin leda da zafi kamar yadda muke yi wa takardun shaida, wannan kashe hoto ne. A ɗauke shi da waya gaba da baya, a bar na ainihi a hannun masu shi, in wani baƙo kuma ya zo da 'yan kuɗi yana neman saye, a ce masa albarka. In mun dawo, sai Ƙungiya ta naɗa mutum uku su tattara abin da aka samu, a buga a mujallarmu, a kuma aika kwafi zuwa Gidan Arewa da ke Kaduna da ma'aikatar ajiye takardun tarihi ta ƙasa da ke can. Ni na sa sunana na farko, na kuma zo da kwafin hoton namu, yana nan a kan teburin Shugaba ga mai son gani, ko Allah zai sa wani ya gane fuskar kakansa a hagu ko a dama.